Ranar da Na Gyara Gem ɗin Darakta

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara gem ɗin ogana ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata a Dutse, shari'a tana tashe, kowa a ofis ya koma ustazu.

Daraktanmu dattijo ne mai furfura, amma yana da ɗan gem na hannu, na'urar wasan yara, da ya sayo a Saudiyya, wai tsarabar 'ya'yansa. Yaran ko ƙyallinsa ba su gani ba. Shi yake buga ƙwallo a kai in ya kulle ofis ya ce yana duba fayil.

Wata safiya ya kira ni, ya rage murya. "An ce kana taɓa gyaran waya. Ramin memorin gem ɗin nan ya lalace, in na tura katin sai ya tofo shi."

Iyakar ilimina canja batirin rediyo. Amma na hango ƙarin girma, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙaramin aiki ne."

Da na leƙa ramin, na ga wani siririn ƙarfe ya lanƙwashe. Na samo allura ke nan aka ce kowa ya tafi ɗakin taro, an gayyato wani malami zai yi mana wa'azi kan amanar lokacin aiki. Mai hankali da ya ajiye gem ɗin. Ni kuwa na zauna a baya, na lulluɓe shi da hannun babbar riga, na ci gaba da tiyata.

Allah da ikonsa ƙarfen ya miƙe. Na tura kati, ya ce ƙas, ya zauna. Daidai lokacin Malam ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a, ɗaki ya yi tsit. Murna ta rufe mini ido, na danna makunninsa (wai gwaji zan yi, jama'a, gwaji).

Kiɗa ya ɓarke. Ga ihun 'yan kallo, ga wani Bature yana kururuwa. Na danna duk abin da yatsana ya samu, ƙara ta ƙaru. Na rasa dabara, na zauna a kansa. Sai ihun ya koma fitowa daga ƙarƙashina.

Malam ya sauke hannu. "Wane bawan Allah ne ya zo mana da filin ƙwallo?"

Na kalli Darakta, ina jiran ceto. Ya miƙe yana salati. "Kai! A ma'aikatata? Ƙato da kai kana wasan yara? Kawo shi nan, na ƙwace!"

Na ratsa mutane na miƙa masa kayansa hannu bibbiyu. Ya kashe shi da dannawa ɗaya, ba ko lalube, ya jefa aljihu. Malam ya ce Allah ya yawaita mana shugabanni irinsa. Ɗaki ya amsa da amin, har da ni.

Washegari na kai masa takardu. Bai ɗago ba, manyan yatsunsa na ta aiki a ƙarƙashin tebur. "Ya gyaru sosai," in ji shi. "Amma ka rage wasa, ana maganarka."

Tun daga nan, in babba ya ce in taimaka masa a asirce, sai na fara tambayar kaina: in abin ya yi ƙara, wa zai miƙe yana salati, wa kuma zai zauna a kai?