Rasuwar Shafin Makarantar Hawan Dokin Kawu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shafin intanet na makarantar koyon hawan doki ta kawuna. Ya rasu yana da wata uku a duniya, bayan doguwar jinya ta rashin masu ziyara.

An haifi marigayin ne ranar da Kawu ya tsaya a ƙofar barga ya ce da ni, "Kai ɗan boko, ɗalibai sun ƙare. In wata uku ya cika ba sabuwar fuska, tsohuwar goɗiyar nan zan sayar." Goɗiyar ita ce Furfura, wadda a bayanta na fara zama kan sirdi. Ni na gina shafin da hannuna domin in cece ta.

Marigayin mai kunya ne, mai zurfin ciki. Bai taɓa faɗa wa kowa inda makarantar take ba, don na ga adireshi zai ɓata tsarin baitocin da na jera a fuskarsa. Bai iya gaggawa ba. Yakan ɗauki minti huɗu kafin ya buɗe, saboda hotunan Furfura arba'in da ya goya. In ya buɗe kuwa sai ya gaishe ka da haniniya, "Hiiiiii," ko a ofis kake, ko a layin asibiti.

Ciwon ajalinsa ya bayyana ne a wurin binciken intanet. Iyaye suna rubuta "koyon hawan doki kusa da ni", shi kuwa ko sau ɗaya bai ambaci doki ba. "Masu tseren walƙiya" yake ce wa dawakin. Haka ya yi ta zamewa har shafi na tara na sakamakon bincike, inda ba mai leƙawa. Mutum goma sha ɗaya suka ziyarce shi. Tara ni ne, ɗaya Inna ce, da ta rufe a firgice. Na ƙarshen wani dillalin dabbobi ne mai haƙuri, wanda ya kalli hotunan arba'in ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta hannun mai kawo mana ciyawa har ya iso gaban Kawu.

"To, ai abin naka ya kawo mutum," in ji Kawu.

Ya rasu ya bar lambar sirri da ni kaɗai na sani, da baitoci goma sha bakwai, da sirdi biyar da ƙura ta rufe.

Za a goge shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗakin ajiye sirdi, daidai lokacin da motar dillali za ta ɗauki Furfura. Za a yi zaman makoki a gaban turkenta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo karas. Mai karɓarsa daga hannuna ba ta nan.