Fitilun Jirgin Kyaftin Munkaila

Duk Dengfeng, unguwar baƙin 'yan kasuwa a Guangzhou, mutum ɗaya ne ke da jirgin sama, kuma Allah ya sa shi ba mai ɓoye alheri ba ne. Elhaji Munkaila na Maradi, dillalin takalma, ya sayi wani tsohon jirgi mai kujera huɗu da ya girme shi, ya ajiye a can gida. Tun ranar sunansa ya koma Kyaftin. Bai taɓa tuƙa ko keke ba, amma ko shinkafa aka kawo masa sai ya dubi agogo ya ce, "Mu mutanen sama ba mu da lokaci."

Takardar izinin tashi kawai ta rage. Jami'in dubawa zai zo ƙarshen wata, in bai sa hannu ba sai baɗi. Kyaftin kuwa ya riga ya yi wa ƙauyensu alkawarin sauka da jirgi ranar Sallah.

Salamatou, ɗiyar ƙanensa mai gyaran wutar jirage, ta kira shi a waya daga gida. "Baffa, dainamon da ke ba jirgin nan wuta ƙarami ne. Fitilu uku marasa cin wuta za ka aiko: ja, kore, fari. Don Allah kada ka ƙara."

"Uku? Ko a-daidaita-sahu ta fi haka!"

Ya tasar ma kasuwar lantarki ta Tianhe. Ɗan kasuwar ƙwarai ba ya tura kwali da sauran wuri, ai abin kunya ne. Ya cusa fitilun babbar mota, da masu ƙyaftawa na gidan biki, da butar shayi ta lantarki. Mai shagon ya tambayi ƙarfin dainamon.

"Lawban, kai dai zuba," in ji Kyaftin, wato "maigida" da Sinanci. "Janaretona na gida firji biyu yake ja yana kuka, har yau bai mutu ba."

Da kaya suka isa Salamatou ta ƙi ɗaurawa. Ya ce yarinya ce, ya sa aka nemo mai wayarin motoci. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Ranar dubawa ya tara 'yan kasuwa a gidan abinci, ya jingina waya da tulun ruwa don kowa ya ga bidiyon jirgin kai tsaye daga gida. Injin ya tashi, farfela ta juya. Kyaftin ya miƙe, zuciya fal murna. "A kunna duka!"

Jirgi ya haska kamar motar amarya, har aka yi tafi. Sai rediyo ya yi shiru, alluran mitocin jirgin suka kwanta, hayaki ya ɓullo daga ƙarƙashin kujera. Matuƙi ya diro a guje. Jami'i ya mayar da bironsa aljihu.

Da Sallah duk ƙauyen ya fita fili yana kallon sama, shi ya sa ba wanda ya ga Kyaftin yana saukowa daga motar albasa.