Dattijo Cleophus Mai Kunnen Zinare

Daga tashar jirgin ƙasa har bakin kogi, garinmu bai taɓa yin mutum mai kunne irin na Dattijo Cleophus Merriweather ba. Shi da kansa ya sha tabbatar mana. Kunnen Zinare muke ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan don ya rage mana wahala.

Tsofaffin firji da rediyo yake sayarwa, amma wannan na cin abinci ne kawai. Asalin aikin yana ɗakin bayan shago, inda ya manna kwalayen ƙwai a bango don kada sauti ya gudu. Injin yanka faifai ɗaya, makirfo ɗaya, da fiyano mai maɓalli uku matattu. In ana ɗaukar waƙa sai ya lumshe ido, ya tallafe kunnen hagu da tafin hannu, yana gyaɗa kai kamar mai jin sirrin mala'iku. Duk garin mun san kunnen nan ya toshe tun yana aiki a masana'antar ƙanƙara. Ba wanda ya taɓa tuna masa, saboda mutum ne mai girma.

A coci ma ba baya ba ne. Bencin gaba nasa ne, kuma shi ke zagayawa da farantin baiko, wato sadakar coci, sanye da farar safar hannu. Da ya shiga ƙungiyar mawaƙa, bayan Lahadi biyu suka roƙe shi da ya riƙa motsa baki kawai. Ya ce ya fahimta, muryarsa tana danne ta sauran.

"Memphis tana da masu kuɗi, Chicago tana da manyan injuna," haka yake cewa a shagon aski, "amma kunne, guda ɗaya Allah ya saukar a jihar nan, kuma ga shi a jikina."

A shekara uku kunnen ya gano mai busa ganye, da tagwaye masu kukan jirgin ƙasa da baki, da surukinsa. Faifansu na nan jibge a cikin wani mataccen firji.

Sai aka shiga 1956, kiɗan rok-an-rol ya kama yara kamar zazzaɓi. Ozella Tibbs, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana guga a gidan wanki, tana kuma jan baki a mawaƙan coci. A kan teburin gugar nan ta haɗa wata waƙa, "Asabar Ta Yi", ta mai gugar da ta jefar da dutsen guga ta tafi rawa har takalminta ya ɓule. Ranar da Dattijo ya je karɓar rigunansa sai ya tarar da mata goma sun bar aiki suna tafi, mai gidan wankin da kansa yana kaɗa ƙafa. Kunnen bai ji komai ba, amma idon ya gani.

Sau ɗaya aka ɗauka, faifai ya fito. A 'yar takardar da ake mannawa tsakiyar faifai, sunan Dattijo ya fito wuri huɗu: mai kamfani, mai tsara kiɗa, mai gano basira, sannan a ƙarƙashin sunan waƙar, wurin da ake sa wanda ya ƙirƙire ta. Har da zanen fuskarsa, ta ɓangaren kunnen. Ozella kuwa, can ƙasa aka rubuta "da muryar mace".

Ta same shi a shago, faifan a hannunta, ta ce ranka ya daɗe ina nawa sunan.

"'Yata, haka sana'ar take ko a Memphis," in ji shi. "Mai inji shi ne mai waƙa. Ke baki kawai kika buɗe. Wa zai sayi Tibbs? Ki gode Allah Merriweather ya goya ki."

Ta dawo gida ta yi kukanta, da safe ta koma guga.

Wani gidan rediyo a Memphis ya sa faifan, kafin sati biyu babu akwatin kiɗan da ba ya ihun "Asabar Ta Yi", tun daga shagon soya kifi har tashar mota. Dattijo ya ɗinka kwat ruwan ƙwai. Ya daina gaida mutane da baki, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya. A shagon aski ya bayyana yadda waƙar ta zo masa: yana kwance ƙarƙashin firji da sifana a hannu, sai wani abu ya sauko masa daga sama, baiti-baiti. Wanzami ya ce to Dattijo ɗan rera mana baitin farko mana. Ya ce likita ya hana shi amfani da murya sai a kan muhimmin abu. Ya ƙara da cewa in aka tashi yi masa gunki a dandalin gari, kada a yi babba sosai, shi mutum ne mai tawali'u.

Abin da bai lissafa ba shi ne Fasto Lucius Hargrove. Faston ya lura rabin coci na gyangyaɗi ranar Lahadi saboda rawar Asabar. Ya kuma kama 'yarsa ta cikinsa tana girgiza a kicin da faifan nan. Abin da ya fi ƙona masa rai, tafin da ke cikin waƙar irin na cocinsa ne sak. Sai ya sanar cewa Lahadi mai zuwa, bayan sujada, kowa ya kawo faifan Shaiɗan da ke gidansa, za a farfasa a harabar coci. Ya gayyato ɗan jarida daga birni.

Ranar coci ya cika har taga. Fasto ya ɗaga faifan sama, ya gyara tabarau, ya karanta takardar tsakiya a hankali. Merriweather. Merriweather. Merriweather. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya, ya ce mai inji ana iya yafe masa, don inji ba shi da zuciya. Amma wanda ya zauna ya ƙirƙiro kalmomin nan, yau zai ajiye farar safar hannu, ya koma bencin baya kusa da ƙofa.

Madam Eulalie, matar Dattijo, wadda mahaifinta ya gina cocin kuma ya ba da jarin shagon firji, ta juyo ta dube shi. Dattijo ya dubi safar, ya dubi Madam, ya dubi bencin baya inda iska ke shigowa. Sai ya miƙe, ya ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, shekara goma sha tara ina riƙe farantin nan, ko kwabo bai taɓa faɗuwa ba. Ni da ƙazantar nan, haihata-haihata. Ko kalma ɗaya ba tawa ba ce. Mai buga takarda ne ya yi kuskure, kuma zan ja masa kunne. Waƙar nan daga farkonta har ƙarshenta, kalmomi da kiɗa da tafi, ta yarinyar can ce, Ozella Tibbs. Ni tausayi ne ya ja ni, na ara mata inji."

Daga can bencin baya wanzami ya ce amin, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Fasto mutum ne mai son tsari. Ya sa aka rubuta maganar, Dattijo ya sa hannu, dattawa shida suka sa hannun shaida, aka kafa takardar a ƙofar coci da ƙusa. A harabar, Dattijo ya karɓi guduma ya fara da nasa faifan, ɗan jarida ya ɗauke shi hoto guduma a sama. Shi ko a nan sai da ya ce a jira ya juyo ɓangaren da ya fi kyau. Sauran faifan da ke shago kuwa, kwana biyu yana zaune da reza yana kankare sunansa daga wurin mai waƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ozella aka cire ta daga mawaƙa. Ta ninke rigar cocin ta miƙa, a goge tsaf.

Ranar Alhamis da hantsi wata doguwar mota mai lambar Chicago ta tsaya ƙofar shagon. Dattijo ya leƙo, ya ruga ciki, ya fito cikin kwat ruwan ƙwai. Baƙon ya ce daga wani babban kamfanin faifai yake, suna neman mai "Asabar Ta Yi", su sayi waƙar su kuma ɗauki mai ita.

Dattijo ya gyara murya, ya ce lallai saurayi Allah ya yi maka jagora, sannan ya ɗauko labarin nan nasa, cewa yana kwance ƙarƙashin firji ne wata rana.

Baƙon ya zaro jarida daga aljihu, ya dubi hoton, ya dubi Dattijo. Ya ce ai ya biya ta coci ya karanta takardar ƙofa, kuma a duk shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin mai kamfani mai gaskiya haka ba, har da shaidu shida. Ya riƙe hannun Dattijo ya girgiza sosai. Sannan ya tambaye shi hanyar gidan wanki.

Dattijo ya nuna masa. Miƙe, sai ka sha kwanar dama bayan shagon kifi. Ni dai a sanina, wannan ce babbar gudummawarsa ga rok-an-rol, kuma a gaskiya kwatancen bai yi kuskure ba.

Sabon faifan ya fito wata biyu bayan nan. OZELLA TIBBS a sama da manyan baƙaƙe, Ozella Tibbs kuma a ƙasa wurin mai waƙa. Jaridar ta ba da labarinta shafi guda, ta ce an fara ɗaukar muryarta a ɗakin bayan shagon wani mai sayar da firji.

Farar safar hannu dai na nan hannun Dattijo. Matsalar ita ce rediyo yake sayarwa, kuma duk wanda zai sayi rediyo sai ya kunna ya gwada. Ko wace tasha aka murɗa, Ozella ce ke jefar da dutsen guga. Sai Dattijo ya ja kujerarsa a hankali, ya juya Kunnen Zinare, na hagun nan da ya toshe, ɓangaren rediyon. Tun da muka san kunnen nan, yanzu ne ya fara yi masa aiki.