Gaisuwar da ta Cinye Jarrabawar Jalalu

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina mutanen Yamai?"

"Lahiya lau, suna gaishe ki."

"Ƙarya kake. Wa yas san ka a Yamai, balle shi ba ka saƙo? Ina karatu?"

Nan Jalalu ya shiga sosa ƙeya. Jalaluddeen ɗan yayana ne, yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, inda yake karanta Ingilishin kasuwanci, irin wanda ake zama da manyan 'yan kasuwan ƙetare a ƙulla ciniki da shi. Mai yi masa tambayar kuwa Inna Lantana ce, uwata, kakarsa, wadda tun ranar sunansa ta ce ta yi miji, kuma har yau tana yi masa gorin bai taɓa saya mata ko ɗan kallabi ba. Ni Mariama ina gefe ina tsince wake. Da na ga yaron nan ya sauko daga motar Dogon Dutsi ya shigo mana Dogon Kiriya, ba hutu ba, ba salla ba, na san da magana.

"Karatu da godiya," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Wagga godiya ba ta ƙoshi ba. Koro ka sunka yi?"

"Ba su kore ni ba tukuna. Egzame guda na hwaɗi, kuma ke kinka kada ni."

"Ni? Ina nan ina hwama da awakina, ƙahwata ba ta taɓa taka Yamai ba. Ko iskokin Lugu ba su aiki daga nesa haka."

"Naki sun hi na Lugu. Wa ke ja min kunne in na gaida babba a tsaye? Wa ta hana ni hura wuni guda don na ce ma liman ina kwana ban tambayi iyalinshi ba?"

"Ni ce, kuma da kunnen bai yi tsawo ba da na ƙara."

Sai ya kwashe labari ya faɗa mana. Jarrabawar ta baki ce. Ɗalibi zai shiga ya tsaya gaban mushe, wato malaminsu, shi mushen ya zama kamar wani babban mai saye daga ƙasar waje, a ba ka minti uku ka tallata masa hajarka da Ingilishi har ya ji yana so. Jalalu ya zaɓi zoɓorodon da muke nomawa a gefen gero. Ya ce ya haddace komai, har cikin barci yana yi.

"Ina shiga," in ji shi, "sai na iske mushen tsoho ne, kai hwari hwat, gemu hwari. Wallahi Inna gwiwoyina da kansu sunka lanƙwashe. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi aiki."

"Da Ingilishin?"

"Tsantsa. Shi da bakinshi yac ce ko kuskure guda babu. Ina cikin tambayar ko ruwa sun sauka garinsu, sai agogo ya buga."

"Zoɓorodon hwa?"

"Ko sunanshi ban kai ga hwaɗi ba."

Dariya ta kama ni har wake ya zube. Amma ba ta daɗe ba, don ya ce ranar Litinin za a ba shi dama ta ƙarshe. In ya sake faɗuwa zai maimaita shekara, a yanke masa burs, wato kuɗin tallafin karatu, kuma gurbin koyon aiki da aka yi masa alkawari a wani kamfani a Akara ta ƙasar Gana ya koma hannun wani. Na san ƙarfin ubansa, ba zai iya ɗaukar wata shekara ba. Tausayin yaron ya kama ni.

Inna kuwa ko a jikinta. "Shi tsohon ya amsa gaisuwar?"

"Bai amsa ba. Agogo yake kallo."

"Ashe shi yah hwaɗi, ba kai ba. Mariama, nemo min lambarshi in koya mashi zaman duniya."

"Ki bar mushe ya huta. Taimako naz zo nema. So nike ki zauna ki zama shi. Duk Arewa babu hurhura mai ban tsoro irin taki. In na iya kallon ki ido cikin ido ban durƙusa ba, to ko wa anka aje gabana na iya."

"Wato mota ka biyo tun daga Yamai don ka koyi rashin kunya a kaina."

"A kan wa zan koya in ba matata ba?"

"Wace matar? Ni na sake ka tun ranar da kay yi min hitsari a goye, ranar kasuwa, gaban jama'a."

"Ban samu takarda ba."

"Ba ka iya karatu ba a lokacin. Yanzu ma ga shi muna gani."

Duk da haka ta yarda, don Inna ba ta barin wasa ya wuce ta. Ta ce mushe ba ya zama a tabarma, aka ɗauko mata kujera. Ta ƙwace tabarauna ta ɗora a karan hanci, ta harɗe ƙafa, ta ɗaure fuska. Aka ba ni salula in riƙe lokaci. Jalalu ya koma zaure, ya gyara wuyan riga, ya shigo da takun manya.

"Gud monin," ya ce, ya buɗe baki zai ci gaba.

"Ina kwana?" in ji Inna, a hankali.

"Lahiya lau," ya ce, sai ga shi a ƙasa.

"Ka gani? Ko taɓa shi ban yi ba."

"Ai mushe ba ya jin Hausa."

"Wannan mushen na ji. Koma."

Ya koma ya sake shigowa. Wannan karon ya yi nisa, Ingilishi na zuba, hannu na tafiya, har na fara murna. Inna ta bari sai da ya saki jiki, sannan ta yi atishawa ta ƙarya ta ce alhamdu lillahi. Kafin ya ankara ya yi mata addu'a, ta amsa, ta ɗora da tambayar ciwon ƙafar uwarsa, ya ce da sauƙi, kuma daga nan zare ya tsinke. Haka suka yi ta yi har inuwar darbejiya ta bar kujerar. Duk ta inda ya ɓullo sai ta jefa masa gaisuwa, shi kuma bakinsa ya cafe tun kansa bai ba da izini ba.

Daga ƙarshe ya zauna a bakin turmi, ya dafe kai. Bai yi dariya ba.

"Inna, ba ni iyawa. In na ga babba ban gaishe shi ba, ji nike kamar na hito ba wando. Haka za ni koma ranar Litinin in sake zubar da shekara."

Inna ta sauke tabarau ta dube shi. Na san uwata, na ga maganar ta shige ta.

"Matso nan, raggon miji."

Ya matso. Ta kama kunnensa na dama, ta ɗan murɗa, ta saki.

"Ni na ɗaure, ni na kwance. Na yahe maka gaisuwar minti uku, ban ƙara ko ƙyaftawar ido ba. Wanda duk yac ce ba ka da tarbiyya, ka ce ya zo Dogon Kiriya ya iske ni. Koma zaure. Amma ka sani ba ni raga maka."

Ba ta raga masa ba kuwa. Yana shigowa ta tare shi da ina kwana. Ya wuce. Ta jefa ina gajiya, ina gida, ina haƙurin duniya. Ya kafe ta da ido, gumi na bin goshinsa, yana ta bayani, yana nuna jan zoɓorodo da yadda muke shanya shi a tabarma ba a ƙasa ba. Ta ce kunama na hawa ƙafarsa. Bai duba ba. Ta ce ta fasa sakin, ta dawo ɗakinta. Leɓensa ya motsa, ya danne. Ya kai ƙarshe, ya rufe da godiya, sannan salula ta yi ƙara a hannuna.

Ni dai daɗi ya cika ni.

"Mariama, mi yac ce?"

"Ban ji ko kalma guda ba, Inna, amma da ina da mota da na yi lodi."

"Hm." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wai tabarauna ne ke sa mata ƙwalla. "Yau an wuce ni cikin gidana kamar kututture, kuma wai daɗi nike ji. Tsuhwa ba ta yi ba."

Jalalu ya zube gabanta. "Ina wuni, Inna? Ina gajiya?"

"Akwai gajiya. Kai ka kawo ta." Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take yi har kafaɗu na rawa. "Tashi, ka ci. Na ba ka."

Ta kwance bakin zane, ta ciro farin goro guda ta danƙa masa a hannu.

"Wanga na tsohon nan ne. Sai agogo ya buga, ba kahin nan ba."

"Inna, cewa za a yi cin hanci na ba shi."

"In goro guda na sayen shi, da ka gaya min tun hwarko mun huta. Ka durƙusa ka ba shi, ka tambaye shi gajiya da kyau, ka jira sai ya amsa. Mutumin da ke zaune wuni guda yana kallon agogo, na tabbata ya daɗe ba wanda yat tambaye shi."