Yadda Ake Kafa Kasuwar Ista ta Tsaunukan Turai a Bayan Rumbu

Kai mai jika a ƙasar waje, matso kusa. Idan ɗanka ya tafi Turai ya yi aure, ya dawo maka da jikar da in ka yi mata murmushi sai ta fasa ihu, to wannan takarda taka ce. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, yarinya za ta zauna a kan tabarmarka da ƙafarta. An gwada, an gani. Malam Nababa na Unguwar Tsamiya, nan gefen Makoda, shi ya gwada, ni kuma ina tsaye a wurin tun daga farko har aka kira liman.

Ga yadda abin ya faro. Ɗansa Jamil shekararsa tara a Ostiriya, can cikin tsaunukan da ake kira Alp, yana gyaran wata mota da ke rataye a waya tana hawa da mutane kan dutse. A bana ya zo gida da 'yarsa Maimunat, 'yar shekara shida. Uwarta aiki ya riƙe ta a can. Yarinya ta sauka a tsakiyar bazara, gari kamar tanda. Ba ta jin Hausa, ba ta cin tuwo, kuma duk lokacin da Nababa ya miƙa mata hannu sai ta ɓuya a bayan ubanta. Kwana biyu tana kuka.

Jamil ya ce, "Baba, bikin Ista take tunawa. A garinsu yanzu ana cin kasuwa, ana rina ƙwai a ɓoɓɓoye yara su nemo. In ba ta saki jiki ba zuwa Litinin, otal zan kai ta a Kano mu ƙarasa hutun a can."

Ranar Juma'a ce. Nababa shekararsa saba'in da ɗaya, kuma ya san ɗan da ya yi shekara tara kafin ya leƙo gida zai iya ƙara wasu tara. Tsoro ya kama shi sosai, kada ya mutu jikarsa ba ta taɓa riƙe masa hannu ba.

Mataki na Ɗaya: Ka kalli bidiyo sau ɗaya tak

Ka karɓi wayar ɗanka, ka ce ya nuna maka kasuwar. Za ka ga fararen tsaunuka, da rumfunan katako, da shanu masu ƙararrawa a wuya, da wani ƙato yana busa ƙaho mai tsawon gora biyu, da zomo, da ƙwai kala-kala. Ka gyaɗa kai ka mayar masa da wayarsa. Kada ka yi tambaya ko ɗaya. Dattijo ba ya tambayar ɗan da ya haifa yadda ake cin kasuwa. Nababa cewa ya yi, "Shi ke nan? Wannan ne abin kuka?"

Mataki na Biyu: Ka fara da liman, amma a taƙaice

Wannan mataki yana son dabara. Nababa ya sami Liman Sha'aban a ƙofar masallaci bayan La'asar, ya durƙusa.

Liman ya ce, "Nababa, Ista fa ba tamu ba ce."

"Allah gafarta Malam, ni ba bikinsu zan yi ba. Ƙwai kawai zan dafa wa jikata."

"Dafa ƙwai ai halal ne. Je ka dafa."

Ka lura, bai yi ƙarya ba. Bai dai faɗi cewa zai rina su ba, bai kuma faɗi inda zai ajiye su ba. Kai ma ka tsaya daidai nan, ka yi sallama ka tashi.

Mataki na Uku: Tsauni da ƙanƙara

Ƙasarmu shimfiɗe take, in ka tsaya a Makoda kana iya hango mai zuwa daga nesa ka gane ko waye. Saboda haka tsauni sai an gina shi. Ka fito da duk buhunan geronka da na gyaɗa, ka aro na maƙwabcinka Mati, ka tara su a bayan rumbu har su wuce katanga. Ƙanƙara kuwa, garin rogo mudu goma ya isa, ka barbaɗa a saman.

Ƙaho ba matsala ba ne. Masu noman rani a Watari suna da bututun ban ruwa, ka samo mai tsawon ƙafa goma sha biyu. Ka ɗaure wa bijimin Mati gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Sannan kai kanka ka yi shigar mutanen can: rigar sanyi mai kauri, hular ulu, safar hannu. Nababa ya yi haka ranar Asabar da azahar, ya hau tsauninsa, ya cika kumatu da iska ya busa bututu. Ƙarar da ta fito ta sa bijimi ya tsinke igiya ya yi gabas. Nababa kuma ya ga duhu-duhu, ya gangaro ta gefen yamma, sai da matarsa Hure ta sheƙa masa ruwan randa.

Kafin ya farfaɗo awakin unguwa sun lashe ƙanƙarar tas, sun fara kan tsaunin. Maimunat ta leƙo ta taga, ta ga tsoho a jiƙe cikin hular ulu yana korar awaki da bututu, ta ja labule.

Mataki na Huɗu: Zomo

A can, wai zomo ne yake kawo wa yara ƙwai. Kada ka yi gardama. Mati ya yi gardama, ya ce shi shekara sittin yana noma bai taɓa ganin zomo a kan ƙwai ba, in kuwa na Turawa yana yi to a kawo iri. Nababa ya sayo zomo fari ƙato, ya ajiye shi a ƙarƙashin kwando, ya tafi neman bijimi.

Ga darasi: ka gaya wa matarka aikin zomon. Hure ta ga nama a ƙarƙashin kwando, ga baƙi a gida. Da Nababa ya dawo sai ƙanshi ya tare shi tun daga zaure. Wallahi miyar ta yi daɗi. Amma ka goge wannan mataki daga lissafi.

Mataki na Biyar: Rini da zane

Yanzu abin da ya rage maka shi ne ƙwai. Ka dafa arba'in. Ja, ka tsoma a ruwan zoɓo. Shuɗi, ka nemi baba wajen marina. Wasu ka shafa musu lalle. A bidiyo ka ga an zana furanni a jikinsu, to kai ma sai ka zana. Nababa ba shi da wani abin zane a gidansa sai alƙalamin kara da tawadar allo, don haka da su ya yi aiki. Ya zauna ya zuba basira: layi, ɗigo, da'ira, gida-gida. Shi a ransa fure ne. Ni da na gani sai da na ja da baya na yi a'uziyya, don ko ni da na san labarin hatimi na gani.

Mataki na Shida: Ka ɓoye, kada kowa ya sani

Ranar Lahadi da hantsi, maza sun tafi ɗaurin aure a ƙauyen gaba. Wannan ne lokacinka. Gidanka kaɗai ya yi kaɗan, ai kasuwa ce, ta gari ce. Nababa ya zagaya unguwa da ƙwarya a hammata, yana sanɗa, yana waige-waige. Ɗaya a ƙarƙashin dokin ƙofar Mati. Ɗaya a gindin randar Aina'u mai tsohon ciki. Ɗaya a bakin rijiya, uku a kan iyakar gonaki, ɗaya a cikin takalmin ladan.

A Ostiriya, wanda ya tsinci jan ƙwai mai zane a ƙofar gidansa murna yake yi. A Unguwar Tsamiya kuwa ma'anarsa ɗaya ce: an yi maka asiri.

Aina'u ce ta fara kururuwa. Kafin azahar maza sun dawo, gari ya hargitse. Mati ya tsaya nesa da ƙofarsa yana nuna ƙwai da sanda, yana rantsuwa cewa maƙwabcin gonarsa Tahir ne, tun rigimar iyakar gonarsu ta bara yake jiran wannan rana. Tahir ya ce shi ma ga nasa nan shuɗi a bakin turken akuya, kuma ya san hannun da ya ajiye. Ladan ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi yana karanta Ƙula'uzai. Maganganun da aka binne shekara ashirin duk suka fito fili. Aka kira Liman Sha'aban, ya zo ya duƙa a kan na bakin rijiya, ya daɗe yana kallon zanen, ya ce shi dai duk karatunsa bai taɓa cin karo da irin wannan hatimi ba, kada kowa ya taɓa.

Sai wata tsohuwa ta ce ita fa ta ga Nababa ta kafar zana, da ƙwarya, yana sanɗa.

Mataki na Bakwai: Ka yi shiru, ka zauna

Ba abin da za ka faɗa ya yi amfani. Nababa ya zauna a gindin tsamiya, jama'a sun kewaye shi. Liman ya ce, "Dafawa ka ce mini, Nababa. Dafawa!" Kunya ta rufe tsoho, ga baƙin cikin gobe Litinin.

Hayaniyar ce ta fito da Jamil, 'yarsa tana riƙe da gefen rigarsa. Tana hango jan ƙwan ƙofar Mati sai ta saki rigar, ta yi wani ihu da yarensu, ta ruga.

"Kada ta taɓa! Ku riƙe ta!"

Ina! Ta riga ta ɗauka. Ta ƙwanƙwasa shi a bango, ta ɓare, ta kai baki. Kowa yana jira ta faɗi. Ta tauna, ta haɗiye, ta ce wani abu.

Jamil ya ce, "Wai ko akwai gishiri."

Mati ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce ashe jinin Turawa asiri ba ya kama shi, don Allah a turo ta ta duba masa bayan ɗaki. Aina'u ta ce a'a, ita za a fara zuwa wa. Haka yarinyar da ta ƙi fitowa tsakar gida ta shiga gida goma sha bakwai da ƙwarya a hannu, mata suna binta da guɗa, tana ƙyalƙyala dariya.

Mataki na Takwas: Na ce bakwai ne? To takwas ne

Da ƙwarya ta cika, ta tambayi ubanta ina zomon da ya kawo. Jamil ya dubi Hure, Hure ta dubi ƙasa. Sai ya nuna tsohon da ke zaune a gindin tsamiya, ya ce ga shi can.

Ta je ta tsaya a gabansa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa masa ƙwaryar, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta dunƙule a hannu, tsininsa kaɗai a waje. Jamil ya fara bayani cewa a garinsu ana gwara ƙwai biyu, wanda nasa ya fashe ya faɗi. Nababa ya ɗaga masa hannu. Wa za a koya wa wannan? Yana saurayi, a kasuwar Makoda, masu tallan dafaffen ƙwai in sun hango shi sauya hanya suke yi. Ya ɗauki ƙwai ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba, ya saurara, ya ajiye. Ya ɗauki wani. A na huɗu ya ce, "Yauwa."

Shawarata a nan ita ce, kaka mai hankali yana barin jikarsa ta ci. Nababa ya yi niyyar haka, na ga niyyar a fuskarsa. Amma da ƙwai ya haɗu da ƙwai, hannunsa bai tuna ba. Ƙwas, nata ya fashe. Ta ɗauko wani, ƙwas. Sha ɗaya ya fasa mata a jere, yana dariya har da buga cinya, Hure tana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, yarinya ce!"

Maimunat ta yi jawur, ta buga ƙafa a ƙasa, ta zauna daɓas a kan tabarmarsa, ta zazzaga magana.

Jamil ya ce, "Baba, ta ce ba inda za ta je sai ta fasa naka."

Ranar Litinin mai motar da zai kai su otal ya zo daga Kano, ya ci tuwo, ya koma shi kaɗai. Kwana tara suka ƙara, kullum da safe tana zuwa ta ja hannun tsoho zuwa tabarma. Ba ta fasa ƙwan nan ba. Ranar tafiya ta danƙa masa shi a tafin hannu, ta rufe masa yatsu a kai, ta ce da Hausarta ta kwana goma sha huɗu, "Kaka, ajiye. Ina zuwa."

Sanarwa

Mai wannan takarda ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ban san zancen bijimin da ya ɓata ba, ko gero buhu biyu da awaki suka ci, ko gabar Mati da Tahir da har yau ba su gaisawa. Haƙorin yarinyar da ya fita wajen koyon ƙwanƙwasawa dama yana girgiɗi, don Allah uwarta ta daina kiran wayata. Masu ƙorafin wari a sahun gaba na masallaci kuma su daina zuwa wurina. Dafaffen ƙwai ne ya yi wata huɗu a aljihun mutum, na sani, ni ma ina da hanci. Liman ya yi masa magana, Hure ta yi, ni ma na yi. Ya ce ajiya aka ba shi, kuma mai ita ta ce tana zuwa.