Dokta Gwanzu da Saiwar Sarakunan Sin

Duk Malali babu mai ilimin Alhaji Labaran, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana. Kwana tara ya yi a birnin Gwanzu na ƙasar Sin yana sarin fitilun caji, ya dawo likita. Wasu sai sun shekara bakwai suna karatun likita a Zariya, amma ba kowa Allah ya ba irin kansa ba. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Dokta Gwanzu. Ya ɗauka karramawa ce, har ya sa aka rubuta a allon shago.

Ya taho da wata busasshiyar saiwa a jan kwali mai rubutun ruwan zinariya. Ba ya taɓa ta sai da safar hannu. Cokali ma ya daina amfani da shi, da tsinke biyu yake kokawa da shinkafa har ta huce.

"Wannan saiwa," in ji shi a majalisa, "sarakunan Sin kaɗai ke jiƙa ta. Sanyin ƙashi, hawan jini, mantuwa, duk ta gama da su. Ku da kuka saba da sassaƙen bakin kasuwa ba za ku gane ba."

Burinsa ɗaya: Alhaji Tijjani, tsohon babban sakatare mai fama da ciwon gwiwa, ya sha ya yaba, manyan Kaduna su biyo sahu. Ya shirya walima ranar Asabar, da rumfa da lasifika. Har wani injiniya ɗan Sin mai aikin titi ya gayyato, don a ga da su wa yake hulɗa.

Ranar walimar ya jiƙa saiwar, ya miƙa wa Alhaji Tijjani da hannu biyu. Kafin babban baƙo ya kurɓa, sai Hajiya Harira, matar Alhaji Tijjanin, ta karɓi kofin ta shinshina.

"Alhaji Labaran, ai wannan citta ce."

Dokta ya yi murmushin tausayi. "Hajiya, hancin kicin daban, ilimi daban." Ya miƙa wa injiniya kwalin, ya ce ya karanta wa jama'a a lasifika.

Mutumin ya duba, ya washe baki. Da 'yar Hausarsa ta wurin aiki ya ce, "Citta. Mai kyau sosai. Daga Kachia, nan jihar Kaduna."

Alhaji Tijjani ya karɓi kofin ya shanye, ya goge baki.

"Dokta, in za a sake dafawa, a sa kanumfari."