Ranar da Na Kori Raƙuman Laminu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye sauran tunanina, da ranar da na kai ƙarar yaran unguwarmu gaban maigari. Shekarar fari ce, zamanin soji, rabin ƙauyenmu na wajen Mayahi ya watse neman abinci. Ɗana Laminu bai wuce shekara shida ba, shan inna ya riƙe mashi ƙafafu, da rarrafe yake tafiya. Ni kuwa a ganina ƙauna ita ce in shimfiɗa mashi tabarma a inuwa, in ba shi furata, in ce kar ya motsa.

Wata la'asar na dawo daga daji, sai na hango Laminu bayan danga yana jan jiki, yara na biye da shi a jere, kowa da rarrafe, suna gurnani suna dariya. Idona ya rufe. Na zari kara na bi su a guje (ni da yunwa ke kaɗawa kamar zangarniya). Ban tsaya nan ba. Na tara iyayensu gaban maigari, na zazzage ɗan faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, na rantse gobe sai jandarma, jami'an tsaro, sun ji ana kwaikwayon gurgu. A lokacin nan, in ka ambaci jandarma ko jinjiri shiru yake yi.

Maigari ya sa aka ɗauko Laminu, ya ce, "Kai yaro, tsokanarka suke yi?"

"A'a, Kaka. Ayari muke. Ni ne madugu, su ne raƙumana. Ni na ce duk wanda ya miƙe tsaye ya fita daga wasan."

"To, madugu, ina kuka nufa?"

"Bilma, ɗauko gishiri. Mun kusa isa, Babana ya kore mani dabbobi."

Wuri ya kece da dariya. Wata tsohuwa ta nuno ni da sandarta ta ce, "Ashe kai ne ɗan fashin!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kunyar ta wuce cikin kwana biyu, abin da ya biyo baya ne bai wuce ba. Iyaye sun tsorata, suka hana ƴaƴansu zuwa, kafin damina ma yawancinsu sun yi kudu. Laminu ya riƙa wuni yana kallon ƙofa. Bai yi mani kuka ba, magana kawai ya rage.

Da abin ya ishe ni, wata safiya na leƙa na ga babu kowa (girma ai dole a tsare shi), na durƙusa gabanshi na ce, "Madugu, ga raƙumi." Ya dube ni ya ce, "Baba, raƙumi ɗaya ba ayari ba ne."

Yau in na ji yara na dariya, ban saurin neman kara. Nakan tsaya tukuna in duba, ko wanda nake shirin ceta yana cikin masu yin ta.